Zuwa Windhoek Yawon Buɗe Ido: Tambayoyi da Amsoshi

Idan ana zancen tafiya ƙasar waje, mutanenmu sun fi ambaton Makka da Dubai da Alƙahira, wani lokaci Johannesburg. Da wuya ka ji an ce Windhoek, babban birnin Namibiya. Ga amsoshin tambayoyin da mai niyyar zuwa zai so ya ji kafin ya sayi tikiti.

Ina ne Windhoek, kuma wane irin gari ne?

Namibiya tana kudu maso yammacin Afirka, a bakin tekun Atlantika, tsakanin Angola daga arewa da Afirka ta Kudu daga kudu, ga Botswana daga gabas. Windhoek kuwa kusan tsakiyar ƙasar yake, a cikin wani kwari da tsaunuka suka kewaye, kimanin mita 1,700 sama da teku. 'Yan garin suna furta sunan kamar "Vintuk", kuma haka za ka ji ma'aikatan jirgi suna faɗa.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ƙarancin mutane. Faɗin ƙasar ya haura murabba'in kilomita 824,000, wato bai gaza na Najeriya da yawa ba, amma ƙidayar 2023 ta samu mutum miliyan 3 da 'yan kai ne kawai a cikinta. Windhoek kansa bai cika rabin miliyan ba a ƙidayar. Wanda ya saba da cunkoson Kano ko Legas zai ɗauka ranar hutu ce ya iso. Tituna fes, fitilun kan hanya suna aiki kuma ana bin su, da magariba tsakiyar gari ya yi tsit. Wasu wannan ne yake burge su, wasu kuma kwana biyu ya ishe su su fara jin kaɗaici.

Ta wace hanya ake zuwa daga Najeriya ko Nijar ko Gana?

Sai da ya da zango. Kamfanin jiragen ƙasar, Air Namibia, ya taɓa yin jigila zuwa Legas da Akra, amma an rufe shi a 2021. Hanyar da ta fi sauƙi ga mutanen Afirka ta Yamma ita ce ta Addis Ababa da jirgin Habasha. Akwai kuma ta Johannesburg da ta Luanda. Idan ta Johannesburg za ka bi, ka tambayi mai sayar maka da tikiti tun da wuri ko tikitin ɗaya ne har Windhoek, kuma ko kayanka za su wuce kai tsaye. Idan ya zama sai ka fita ka ɗauki kaya ka sake aunawa, to ka shiga Afirka ta Kudu ke nan, kuma wannan biza ce ta daban.

Agogon Namibiya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, duk shekara.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida, da shafuka uku da ba a buga komai a kansu ba. Tikitin komawa. Shaidar masaukin da za ka sauka. Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda wajibi ne ga mai zuwa daga Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan, domin duk suna cikin jerin ƙasashen da ake samun cutar. Kada ka cusa katin a ƙasan akwati, ka haɗa shi da fasfo.

Biza kuwa ta danganta da fasfon da kake riƙe da shi. Namibiya ta sauya dokokin bizarta a watan Afrilun 2025, saboda haka labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne yau. Ka duba shafin intanet na ma'aikatar harkokin cikin gidan ƙasar, ko ka je ofishin jakadancinsu da ke Abuja ko Akra. A filin jirgi kuma, bayan jami'i ya buga maka hatimi, ka tsaya ka karanta adadin kwanakin da ya rubuta kafin ka bar teburinsa. Ba lallai ne ya ba ka duk kwanakin da ka nema ba, kuma wuce wa'adi laifi ne da ba sa ɗaukarsa da wasa.

Idan da yara za a je fa?

Yaron da bai kai shekara 18 ba ana neman takardar haihuwarsa mai ɗauke da sunayen iyaye biyu. Idan uwa ce kaɗai ko uba kaɗai zai tafi da shi, a riƙe takardar amincewar ɗayan, wadda aka yi rantsuwa a kanta.

Yaya ake shiga gari daga filin jirgi?

Filin jirgin sama na Hosea Kutako yana kimanin kilomita 45 gabas da gari, a tsakiyar daji. An yi shi can ne saboda cikin kwarin babu shimfiɗaɗɗen fili da zai ishi manyan jirage. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka sa masaukinka ya turo maka mota, ko ka ɗauki ɗaya daga cikin motocin jigila masu rajista da ke da tebur a cikin filin. Ku daidaita kuɗi kafin a ɗora kaya. A hanya ka riƙa leƙa taga, ba abin mamaki ba ne ka ga gwaggon biri zaune a bakin titi.

Tun kana filin jirgin za ka iya sayen layin waya. Kamfanin MTC ne ya fi yawan masu amfani, kuma sai an yi wa layin rajista da fasfo.

Wane lokaci ya fi dacewa, kuma da gaske ana sanyi?

Ana yi, sosai. Lokutansu akasin namu ne. Daga Mayu zuwa Agusta, lokacin da damina ta kankama a ƙasar Hausa, su suna tsakiyar hunturu. Da rana garau, zafi bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba, sama wasai babu ko ɗigon gajimare. Amma da rana ta faɗi sanyi ya sauko, kuma a Yuni da Yuli yakan kai ruwa ya daskare kafin asuba. Gidaje da dama ba a gina su don sanyi ba, saboda haka ka tafi da rigar sanyi ta gaske da safa, ka kuma tambayi masauki ko akwai abin ɗumama ɗaki. Mai alwalar asuba zai gode wa wannan tambayar.

Zafi yana tsananta daga Oktoba zuwa Disamba. Ruwan sama ya fi sauka daga Janairu zuwa Maris, kuma duka-duka bai wuce milimita 360 a shekara ba, galibi da tsawa da yamma, ya zuba ya wuce. Ga mai son ganin namun daji, rani ne lokacinsa, daga Yuni zuwa Oktoba, domin dabbobi suna taruwa a 'yan wuraren da ruwa ya rage. A watan Oktoba ne kuma itatuwan jakaranda ke fure, tituna su koma shuɗi-shuɗi.

Iskar garin busasshiya ce, ga tudu, ga rana mai ƙuna ko da ba a jin zafinta. Man shafawa da na leɓe da ruwan sha kada su bar jakarka. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu kuwa garin yakan watse: masu hali su tafi bakin teku, ma'aikata su tafi ƙauyukansu a arewa, wasu shaguna su rufe gaba ɗaya.

Kwana nawa ya kamata a yi?

Yawancin Turawa kwana ɗaya suke yi, su ɗauki motar haya, su cika ta da kayan abinci su nufi daji. A ganina wannan asara ce. Kwana biyu ko uku sun isa: ɗaya na tsakiyar gari da gidan tarihi, ɗaya na unguwar Katutura, na ukun kuma a fita bayan gari. Wanda ya tsaya a tsakiyar gari kawai zai koma gida yana cewa ya ga wani ƙaramin garin Jamus a Afirka, alhali inda akasarin 'yan garin ke zaune bai taka ba.

Me za a gani a tsakiyar gari?

Kusan komai yana kan tudu ɗaya, kuma da ƙafa ake zagawa. Ka fara daga babban titin Independence Avenue, ka haura titin Fidel Castro. A ƙarshensa, tsakiyar shataletale, za ka tarar da Christuskirche, cocin da Jamusawa suka gama ginawa a 1910 da dutsen yankin. Hotonsa ne ake sa wa a kusan kowace takardar talla ta garin. A ciki akwai allon tagulla mai sunayen Jamusawan da suka mutu a yaƙe-yaƙen mulkin mallaka. Sunan ɗan ƙasa ko ɗaya babu.

Bayan cocin akwai Tintenpalast, ginin 1913 da ya zama majalisar dokoki, da lambunsa. A lambun akwai mutum-mutumin Hosea Kutako, sarkin ƙabilar Herero da ya yi ta aika ƙorafi Majalisar Ɗinkin Duniya a kan mulkin Afirka ta Kudu, wanda sunansa filin jirgin ya ci.

Kusa da nan ne Alte Feste, ganuwar da kwamandan Jamus Curt von François ya fara ginawa a 1890, ita ce gini mafi tsufa da ya rage a garin. Kafin zuwansa da shekara hamsin Jonker Afrikaner da mutanensa sun riga sun zauna a wurin saboda maɓuɓɓugan ruwan zafi, shi ya sa da yawa ba su yarda a ce Bajamushe ne ya kafa garin ba. A 2022 hukumar birni ta sauke mutum-mutuminsa daga gaban ofishinta.

Tsakanin cocin da ganuwar an dasa wani dogon gini mai ruwan zinariya da ba ya kama da komai a kewayensa: gidan tarihin 'yancin kai, wanda wani kamfanin Koriya ta Arewa ya gina, aka buɗe a 2014. A gabansa mutum-mutumin Sam Nujoma ne, shugaban ƙasar na farko, tsaye yana ɗaga kundin tsarin mulki. Da gangan aka sa shi a nan, a daidai inda gunkin sojan Jamus a kan doki ya tsaya tun 1912. Benayen ciki suna bin tarihi daki-daki, daga mulkin mallaka zuwa yaƙin SWAPO, ƙungiyar da ta yi gwagwarmayar 'yancin ƙasar, zuwa ranar samun 'yancin kai, 21 ga Maris, 1990. Zanen bangon yana da tsanani, jini da gawarwaki, kuma bayanin rubutu kaɗan ne, saboda haka ya fi amfani ga wanda ya ɗan karanta tarihin kafin ya shiga. Ka hau bene na ƙarshe, daga can ana ganin garin gaba ɗaya.

Da ka sauko, ka bi ta Post Street Mall. A tsakiyar hanyar masu ƙafa an jera kimanin duwatsu 30 a kan ginshiƙan ƙarfe, mutane suna wucewa ba sa ko kallo. Gutsattsarin wani dutse ne da ya faɗo daga sararin samaniya tun kafin tarihi a yankin Gibeon da ke kudu, kuma kusan ƙarfe ne zalla. Mutanen ƙabilar Nama sun daɗe suna ƙera makamai da shi.

Wane kisan ƙare dangi ne ake yawan ambata?

Wanda sojojin Jamus suka yi wa Herero da Nama daga 1904 zuwa 1908. Herero sun yi tawaye a Janairun 1904 saboda ƙwace musu ƙasa da shanu. Bayan yaƙin Waterberg a watan Agusta, Janar Lothar von Trotha ya kora su cikin hamadar Omaheke, ya tsare rijiyoyi, sannan a Oktoba ya ba da umarnin a harbe duk Baherere da aka gani a yankin da Jamus ke mulki, da makami ko babu. Waɗanda suka tsira an tara su a sansanoni, mafi muni shi ne na tsibirin Shark da ke Lüderitz. Ƙiyasin da masana tarihi suka fi kawowa shi ne Herero kimanin 65,000 cikin 80,000, da Nama kimanin 10,000, wato rabinsu. Har ƙoƙunan kan mutane aka kwashe zuwa Jamus da sunan bincike, sai daga 2011 aka fara dawo da su.

A 2021 Jamus ta amsa cewa kisan ƙare dangi ne, ta yi alkawarin Yuro biliyan 1.1 na ayyukan raya ƙasa cikin shekara 30. Shugabannin Herero da Nama da dama sun yi watsi da yarjejeniyar, suka ce ba a zauna da su ba, kuma ba diyya ba ce. Maganar ba ta mutu ba, saboda haka baƙo ya fi kyau ya saurara fiye da ya yi sharhi. Daga 2025 ranar 28 ga Mayu ta zama ranar tunawa ta ƙasa.

Mene ne Katutura, kuma baƙo zai iya shiga?

Zai iya, kuma ya kamata. Bayan Afirka ta Kudu ta karɓe ƙasar daga Jamus a 1915, ta shigo da tsarinta na wariyar launin fata. Baƙaƙen Windhoek suna zaune a wata unguwa kusa da gari da ake kira Old Location. A ƙarshen shekarun 1950 hukuma ta ce su tashi zuwa wani sabon wuri can arewa maso yamma, inda haya ta fi tsada kuma sai an hau bas kafin a zo aiki. Mutane suka ƙi, mata suka jagoranci ƙaurace wa gidan giyar hukuma da motocinta. Ranar 10 ga Disamba, 1959 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe sama da mutum goma, cikinsu har da Anna Mungunda. Bayan wannan ne Sam Nujoma ya fice daga ƙasar, kuma har yau 10 ga Disamba ranar hutu ce. An gama kwashe mutane a 1968. A sabuwar unguwar an raba gidaje ƙabila-ƙabila, aka rubuta harafi a gaban lambar kowane gida: H na Herero, D na Damara, N na Nama, OV na Ovambo. Idan ka lura za ka ga ragowar haruffan a wasu tsofaffin ƙofofi.

Yau Katutura ita ce inda garin ke da rai: kasuwa, masu aski, kiɗa, coci-coci, yara a titi. Bayanta kuma, a kan tsaunuka, gidajen kwano ne iya ganinka, a unguwanni irin su Havana, inda ake layin ɗibar ruwa a famfon haɗaka. Namibiya tana cikin ƙasashen da tazarar mai kuɗi da talaka ta fi faɗi a duniya, kuma tafiyar minti 15 a mota daga Klein Windhoek, unguwar masu hali, zuwa Havana ta isa ta nuna maka hakan.

Ka je da rana, tare da ɗan gari ko ɗan rakiya mai lasisi. Kada ka ɗauki hoton mutum ko gidansa ba ka gaishe shi ka nemi izini ba. Matan Herero masu doguwar riga mai faɗi da ɗaurin kallabi mai siffar ƙahon saniya sun gaji da masu ɗaga musu waya daga cikin mota.

Me ake ci?

Nama. Ƙasar makiyaya ce, kuma naman shanunta ya kai har kasuwar Turai, a 2020 ma ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai jan nama Amurka. Abincin titi da garin ya shahara da shi shi ne kapana, kuma cibiyarsa kasuwar Oshetu ce a unguwar Single Quarters ta Katutura. Mahauta suna daga baya suna sarar nama a kan tebura, masu gashi suna gaba a jere, kowa da wutar icensa, hayaƙi ya cika rumfar. Kana wucewa kowanne zai miƙo maka yanka ɗaya a bakin wuƙa ka ɗanɗana. Inda ya yi maka sai ka tsaya, ka faɗi na nawa kake so, a yayyanka maka a kan takarda, ka dangwala a garin barkono da gishiri da aka zuba a gefe. Akwai mata masu yanka tumatir da albasa su haɗa maka, da masu soya wani fanke babba da ake ci da shi. A tsaye ake ci, da hannu. Ɗan Arewa ba sai an koya masa ba.

Abincin mutanen arewacin ƙasar kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Hatsin da suke kira mahangu gero ne, shi suke tuƙa tuwonsa su ce oshifima, a ci da miyar ganye ko kazar gida. Suna kuma yin abin sha da shi, oshikundu. Ka nemi na ranar, domin idan ya kwana yana tsami ya fara juyawa. A gidajen abinci na cikin gari za ka ga naman dawa iri-iri, har da na jimina da na jakin dawa, ga biltong, busasshen nama da ake sayarwa ko'ina.

To Musulmi fa, yaya zai yi da abinci da salla?

Musulmi 'yan tsiraru ne ƙwarai, yawancin 'yan ƙasar Kiristoci ne, akasari 'yan ɗarikar Luther. Saboda haka sai ka yi tambaya. Naman alade yana shiga cikin yawancin tsiran Jamusawa da ake sayarwa, kuma a wasu wuraren kan wuta ɗaya ake gasa komai. Cikin naman dawa ma akwai na mugun dawa. Giya kuwa ruwan dare ce, ƙasar tana alfahari da ita. Akwai mahauta da gidajen abinci masu shaidar halal, kuma hanya mafi sauƙi ta gano su ita ce ka je masallaci ka tambaya. Hatta kapana, 'yan masallacin ne za su faɗa maka inda suke saye. Wanda bai samu natsuwa ba, kifi yana nan: tekun Namibiya na cikin mafiya albarkar kifi a Afirka.

Akwai masallatai kaɗan, cikinsu da Windhoek Islamic Centre da wani a unguwar Soweto ta Katutura. Juma'a ranar aiki ce, kuma ba za ka ji kiran salla daga ɗakinka ba, sai ka dogara da wayarka.

Abu ɗaya da ke rikita mutanenmu shi ne alƙibla. Mun saba mu ce a fuskanci gabas. A Windhoek idan ka fuskanci gabas ka kauce sosai. Makka tana arewa ne, da ɗan karkata zuwa gabas, kimanin digiri 28. Rana ma a yawancin shekara ta arewa take bi da tsakar rana.

An ce ruwan famfonsu daga ruwan masai ake tace shi. Gaskiya ne?

Wani kaso nasa, e. Windhoek ne birni na farko a duniya da ya fara tace ruwan da aka yi amfani da shi a gidaje ya mayar da shi kai tsaye cikin bututun sha, a matatar Goreangab, tun 1968. An buɗe sabuwar matata a 2002 mai iya tace lita miliyan 21 a rana. Dole ce ta sa: babu kogi mai gudu duk shekara a kusa, madatsun ruwan da garin ya dogara da su, irin su Von Bach, suna da nisa kuma suna ƙafewa a shekarun fari. Ruwan yana bi ta matakai da dama na tacewa, sannan a gauraya shi da na madatsa da na rijiyoyin burtsatse. Injiniyoyi daga ƙasashe masu arziki suna zuwa koyon aikin. 'Yan gari suna sha, baƙi ma suna sha. Mai tunanin alwala ya san ƙa'idar da aka karantar da mu ta launi da ɗanɗano da ƙanshi, kuma wannan ruwan garau yake fita. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ruwan gora yana kowane shago. Abin da za su roƙe ka kawai shi ne kada ka yi ɓarnarsa.

Zazzaɓin cizon sauro ba matsala ba ce a Windhoek. Arewacin ƙasar ne ake samunsa, musamman da damina.

Wane kuɗi ake kashewa?

Dalar Namibiya, wadda aka fito da ita a 1993. Darajarta ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, kuma ana karɓar rand a ko'ina cikin ƙasar. Amma dalar Namibiya ba ta aiki a Afirka ta Kudu, saboda haka ka kashe ta ko ka canza kafin ka tafi. Naira da sefa da sidi babu mai canza maka su, ka riƙo dalar Amurka ko Yuro. Kati yana aiki a otal da manyan shaguna da gidajen mai, sai dai ka tabbatar wa kanka tun a gida cewa bankinka ya buɗe maka shi don ƙasar waje. Kasuwa da tasi sai tsabar kuɗi. A gidan abinci ana barin tukuicin kashi 10 cikin ɗari.

Soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku ne masu zagaye, irin na Afirka ta Kudu. Cajarka ba za ta shiga ba sai da adafta, ana samu a manyan kantuna.

Yaya ake zirga-zirga a cikin gari?

Tasi ta haɗaka ce, ƙananan motoci masu babbar lamba a jiki, suna tafe suna danna hon ga duk mai tafiya a ƙasa. Ka faɗi unguwar da za ka, idan hanyarsa ce ya ce ka shiga, in ba haka ba ya wuce ba tare da ya ce uffan ba. Kada ka ji haushi, haka ake yi. Kuɗin zuwa tasha daban, na kai ka ƙofar gida ya fi haka. Da dare ka kira mota ta manhajar waya, irin su Yango ko LEFA, ko ka sa masauki ya kira maka.

A hannun hagu ake tuƙi. Ko ba za ka taɓa sitiyari ba wannan ya shafe ka: wajen tsallaka titi, dama za ka fara dubawa.

Akwai tsaro?

Ƙasar tana zaman lafiya, mulki yana sauya hannu ta hanyar zaɓe, kuma a Maris ɗin 2025 Netumbo Nandi-Ndaitwah ta zama mace ta farko da ta shugabance ta. Abin da ke damun baƙo ƙananan ɓarayi ne: fizgen waya da jaka, fasa gilashin mota, da masu zuwa "taimaka" maka a na'urar cirar kuɗi. Kada ka bar komai a kujerar mota, ko da rigar sanyi ce. Kada ka yi yawo da ƙafa bayan duhu, domin titunan da babu kowa sun fi masu cunkoso haɗari. Kada ka ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa ko barikin soja.

Akwai kuma wata dabara da ba sata ba ce amma tana cin kuɗi. Saurayi zai tare ka da fara'a, ya tambayi sunanka da na matarka ko 'yarka. Kuna cikin hira hannunsa yana aiki da 'yar wuƙa, kafin ka ankara ya sassaƙa sunan a jikin ƙwallon makalani, wata bishiya 'yar uwar goriba, ya miƙo maka abin rataya makulli. Yanzu kuma kunya ta hana ka ƙi saya. Aikin yana da kyau, in kana so ka yi ciniki tun farko. In ba ka so, kada ka ba da suna.

Da wane harshe za a yi magana?

Ingilishi ne harshen hukuma tun 1990, kuma zai kai ka ko'ina a Windhoek. Kusan rabin 'yan ƙasar Oshiwambo suke yi a gida, Afrikaans kuma shi ne na kasuwa da titi tsakanin ƙabilu. Za ka ji harshen Nama da Damara mai ƙyas-ƙyas a baki, ka kuma ji Jamusanci a wasu shaguna. Mai Faransanci kaɗai, kamar wasu 'yan uwa na Nijar da Chadi, zai sha wuya in bai zo da ɗan Ingilishi ba.

Akwai wata alaƙa da Najeriya?

Akwai. Najeriya ta tallafa wa SWAPO da kuɗi da guraben karatu lokacin gwagwarmaya, kuma ba su manta ba. A unguwar Eros akwai titin Janar Murtala Muhammed, kuma a kansa ofishin jakadancin Najeriya yake. Ga ma'abota rediyo kuma: ranar 'yancin 'yan jarida ta duniya da ake yi kowace 3 ga Mayu ta samo asali ne daga sanarwar da 'yan jaridar Afirka suka fitar a wani taro a Windhoek a 1991.

Ina za a je a bayan gari?

Mafi kusa shi ne Heroes' Acre, maƙabartar gwarazan ƙasa, kimanin kilomita 10 kudu da gari, wadda aka buɗe a 2002. A nan aka binne shugaban ƙasa Hage Geingob a 2024 da Sam Nujoma a 2025. Matakalarta tana da yawa, a je da safe. Daga yamma kuma, tafiyar kusan rabin awa, akwai gandun dajin Daan Viljoen, inda babu manyan namun da ke cin mutum, saboda haka ana yawo da ƙafa a ga raƙumin dawa da jakin dawa da bareyi.

Sauran wuraren da suka yi suna duk suna da nisa. Swakopmund a bakin teku kimanin kilomita 360 ne, kwalta har can, kuma akwai motocin jigila kullum. Gandun Etosha, inda ake ganin giwa da zaki da karkanda, ya haura kilomita 400 zuwa arewa. Jajayen tuddan yashi na Sossusvlei suna kudu maso yamma, kuma yawancin hanyar tsakuwa ce. A irin wannan hanya kada ka wuce gudun kilomita 80, domin nan ne baƙi suka fi kifewa da mota: hanya miƙe, babu kowa, mutum ya saki jiki ya taka. Ka sha mai a duk gidan man da ka gani, ka riƙe ruwa da tayar safaya, kuma kada ka yi tuƙin dare saboda namun daji da ke faɗowa kan titi.

Wace tsaraba za a kawo, kuma a ina?

Namibia Craft Centre da ke titin Tal, a tsohon ginin kamfanin giya, ta tara masu sana'ar hannu da yawa a wuri ɗaya: kwanduna, kayan fata, sarƙoƙin ɓawon ƙwan jimina, zannuwan da aka yi wa ado da zare. Farashi a rubuce yake, ba a ciniki. Mai son ciniki ya je wurin masu shimfiɗa a Post Street Mall, ko kasuwar masassaƙa ta Okahandja, kilomita 70 a hanyar arewa. A bakin madatsar Goreangab kuma akwai Penduka, inda mata ke ɗinki da saƙa suna sayarwa da kansu. Duk abin da aka ce maka hauren giwa ne, ko wani dutse da aka ce lu'ulu'u ne da ba a goge ba, ko guntun dutsen Gibeon, kada ka ko taɓa, dokar ƙasar tana ɗaure mutum a kansu. Ka kuma gama sayayyarka kafin azahar ɗin Asabar, domin daga nan yawancin shagunan tsakiyar gari sai Litinin, manyan kantuna irin su Maerua da Grove ne kawai ke buɗewa ranar Lahadi.